Ranar shari'a a fahimtar Kirista: wa zai yi hukuncin, da me za a auna, a ina aka rabu

Duk wanda ke ɗan bibiyar wa'azozin ƙarshen zamani da ke yawo a Facebook da WhatsApp zai lura kusan duk maganar a kan alamu take tsayawa, lambar 666, wane ne Magabcin Almasihu, wace ƙasa ce Gog wace ce Magog, yaushe za a fyauce masu bi a bar saura. Ita kuwa shari'ar kanta, wadda aka ce duk alamun nan gare ta suke kaiwa, ba kasafai ake zama a warware ta ba. Mutum zai yi awa guda yana ƙirga ƙahonin dabbar nan ta Ru'ya ta Yohanna, littafin ƙarshe na Baibul, amma ka ce masa to malam, a ranar da me za a auna mutum, wa zai yi awon, sai ya ce ai wannan kowa ya sani. Ba kowa ya sani ba fa. Su kansu malaman Kirista sun kusa shekara dubu biyu suna kai ruwa rana a kan wasu sassan maganar.

Abin da aka haɗu a kai ɗan kaɗan ne, bai fi layi biyu ba. A bayanin bangaskiya na taron shugabannin coci da aka yi a Nikiya a shekarar 325, wanda aka faɗaɗa a Kustantiniyya a 381, an rubuta cewa Yesu zai sake dawowa cikin ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, mulkinsa ba zai ƙare ba, kuma ana sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa. Shikenan. Katolika na karanta wannan ran Lahadi, Otodoks na karantawa, Angilikan da Lutaran haka, su ma coci-cocin da ba sa karanta shi a sujada yawancinsu ba su da ja da abin da ke ciki. Ba shekara a ciki, ba sunan ƙasa, ba jadawalin wanne zai riga wanne. Zanen jadawalin ƙarshen zamani mai kibiyoyi na shekara bakwai ɗin tsanani da shekara dubu daga baya ya zo, kuma ra'ayin wani ɓangare ne.

Tushen maganar na wajen annabawan Tsohon Alkawari, a abin da suke kira Ranar Ubangiji, kuma wanda ya fi ja min hankali a cikinsu Amos ne, makiyayi daga Tekowa da ya yi wa'azi a masarautar Isra'ila ta arewa wajen shekara 750 kafin haihuwar Yesu. Lokacin ƙasar na cikin wadata, masu hali na da gidan rani da na hunturu suna kwana a gadajen hauren giwa, jama'a kuma na ɗokin wannan rana don a tunaninsu ranar ce Allah zai sauko ya gama musu da abokan gaba. Dubi yadda Amos ya shigo musu. Ya fara da Dimashƙu ya ce wuta za ta ci ta saboda zalunci, ya wuce Gaza, ya wuce Taya, Edom, Ammon, Mowab, ɗaya bayan ɗaya, ka san dai masu sauraro kai suke gyaɗawa suna cewa gaskiyarka annabi, ƙara musu. Sai ya ambaci Yahuza, 'yan'uwansu na kudu, nan ma ba komai. Sannan ya juyo kansu, kuma tuhumarsu ta fi ta kowa tsawo, kuna sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, kuna tauye mudu kuna ha'inci a sikeli, kuna karɓar toshiya a ƙofar gari inda ake yanke shari'a. A sura ta 5 ya ce kaitonku masu marmarin ranar Ubangiji, me za ta tsinana muku, duhu ce ba haske ba, kamar mutum ne ya guje wa zaki ya yi karo da beyar, ya samu da ƙyar ya shige gida ya dafa bango sai maciji ya sare shi.

Wannan salon na fara hukunci da na gida bai tsaya a Amos ba. Bitrus a wasiƙarsa ta fari ya ce lokaci ya yi da shari'a za ta fara daga gidan Allah, Yaƙub ya ce kada ku yi ta rige-rigen zama malamai don masu koyarwa za a fi tsananta wa, Yesu ya ce wanda aka ba da yawa, da yawa za a nema a hannunsa. Shi ya sa in na ji mai wa'azi ya gama bayanin ranar shari'a kaf babu inda abin ya taɓa shi ko mutanensa, duk a kan wasu can ya sauke, sai in ce laifi tudu ne, kuma ba haka littafin da ke hannunsa ya tsara abin ba.

Sai dai hukuncin da irin su Amos ke faɗa a nan duniya yake sauka, Assuriyawa sun ci Samariya a 722, Babiloniyawa sun rushe Urushalima wajen 586, duk kafin haihuwar Yesu. Matsalar irin wannan hukunci ita ce ba ya tsincewa, yana kwashe mai laifi da marar laifi, sannan azzalumi nawa ne ya tsufa ya mutu a kan gadonsa jikoki kewaye da shi? Littafin Daniyel ne ya kai maganar har cikin kabari. A sura ta 7 an kafa kujeru, Wanda Yake Tun Dā ya zauna, an buɗe littattafai, sai ga wani kamar ɗan mutum ya zo cikin gajimare aka danƙa masa mulki. A sura ta 12 aka ce da yawa daga masu barci a ƙurar ƙasa za su farka, wasu zuwa rai madawwami wasu zuwa kunya ta har abada. Wato mutuwa ba ta rufe fayil ɗin kowa.

Ga mai karatu Musulmi abubuwa da dama a nan ba baƙi ba ne, tashin matattu, hisabi, littafin ayyuka, har da dawowar Annabi Isa da fitowar babban mayaudari kafin ƙarshe. Inda aka rabu shi ne wanda ke kan kujerar. A Musulunci Allah shi kaɗai ne Mamallakin ranar sakamako, Annabi Isa zai dawo ne kafin ranar, ba shi ne alƙalinta ba. A Kiristanci kuwa Yohanna 5:22 ta ce Uba ya danƙa dukan shari'a ga Ɗan, manzo Bulus ma ya faɗa wa mutanen Atina cewa Allah ya tsai da rana da zai yi wa duniya shari'a ta wurin mutumin da ya tashe shi daga matattu. Tunda Kirista sun gaskata Yesu Allah ne da ya zama mutum, a wajensu wannan ba raba mulki ba ne, amma yana canza kamannin abin sosai, domin alƙalin da zai zauna shi ne wanda aka taɓa kawo shaidun zur a kansa a majalisar Yahudawa, aka gurfanar da shi gaban Bilatus gwamnan Rum, aka yanke masa hukuncin kisa. Ya san yadda shari'ar zalunci take daga ɓangaren wanda ake tuhuma.

Hoto mafi cika da Yesu ya bayar na ranar yana Matiyu 25 daga aya ta 31, kuma ya kamata a karanta shi a hankali. Ɗan Mutum ya zauna a kursiyinsa, an tara dukan al'ummai, ya ware su yadda makiyayi ke ware tumaki da awaki, tumaki dama awaki hagu. Ya ce wa na dama ku zo ku gaji mulki, don na ji yunwa kun ba ni abinci, na ji ƙishi kun shayar da ni, na zo baƙo kun sauke ni, ina huntu kun tufatar da ni, na yi ciwo kun duba ni, ina kurkuku kun zo wurina. Abu shida, babu ko ɗaya da ke buƙatar digiri ko muƙami. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne duka ɓangarorin biyu mamaki suka yi, na dama suka ce Ubangiji yaushe muka gan ka da yunwa, na hagu ma tambayar kenan, yaushe muka gan ka muka ƙi. Ba wanda ya zo wurin da sanin sakamakonsa a aljihu. Kuma lura, na hagu ba a ce sun yi kisa ko sata ba, abin da ba su yi ba shi ya kai su. Malamai na da saɓani a kan su wane ne waɗanda ya kira mafiya ƙanƙanta cikin 'yan'uwana, wasu sun ce almajiransa ne da ake tsananta wa, wasu sun ce duk wani mabukaci ne, kowanne na da hujjarsa a cikin Matiyu ɗin. Amma ko wanne ka ɗauka, haɗa shi da Matiyu 7 inda wasu za su ce ba mu yi annabci da sunanka ba, ba mu fitar da aljanu ba, ba mu yi mu'ujizai ba, ya ce musu ban taɓa saninku ba, za ka ga abubuwan da aka fi tallatawa a bidiyo ba su ne ke da nauyi a wannan kotun ba.

To a nan ƙullin yake, kuma shi ne wurin da ya fi wuya a duk maganar. Kiristanci ya tsaya a kan cewa ceto kyauta ne, Afisawa 2 ta ce ta wurin alheri aka cece ku ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya, Romawa 8:1 ta ce babu hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Amma kusan duk inda aka zana ranar shari'a a Sabon Alkawari ayyuka ake dubawa. Shi Bulus ɗin da ya rubuta maganar alheri shi ya rubuta a Romawa 2 cewa Allah zai sāka wa kowa gwargwadon aikinsa, shi ya rubuta a 2 Korantiyawa 5:10 cewa dukanmu, kuma da masu bi yake magana, sai mun bayyana a gaban kujerar shari'ar Almasihu kowa ya karɓi sakamakon abin da ya yi a cikin jiki, mai kyau ko marar kyau. A Ru'ya 20 ma littattafai iri biyu ne a gaban babban farin kursiyin shari'a, na ayyuka da kuma littafin rai. To wanne ne ke yanke magana?

Furotesta tun daga su Luta da Kalbin, masu gyaran coci na ƙarni na 16, sun ce bangaskiya kaɗai ke kuɓutar da mutum, ayyuka shaida ce, ana gabatar da su ne don a nuna bangaskiyar mai rai ce ko ta baki ce kawai, kamar yadda 'ya'yan itace ke nuna irin bishiyar ba tare da su ne suka shuka ta ba. Katolika a taron Tirent, a 1547, sun ce alheri ne farko ba shakka, ba wanda ya isa ya saye shi, amma alherin yana canza mutum na gaske, ayyukan da ya yi cikinsa ana ba shi ladansu da gaske, kuma yana iya yasar da alherin ta wurin babban zunubi. An yi ƙarnoni ana jifan juna a kan wannan, har yaƙe-yaƙe sun shigo ciki, sai a 1999 a Ogusbog ta Jamus wakilan Katolika da na Lutaran suka sa hannu a kan takardar haɗin baki cewa ta alheri kaɗai ake karɓar mutum, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke kiransa ga kyawawan ayyuka. Ba duka aka warware ba amma tazarar ta ragu. Wani ɓangaren kuma ya kwance ƙullin ta hanyar raba shari'ar gida-gida, ɗaya ta masu bi don rabon lada kawai, ɗaya ta al'ummai, sannan ta farin kursiyi ta marasa bi a can ƙarshe. Ni dai a ganina wannan rabon ya yi wa mai bi sauƙi da yawa, yana sa mutum ya karanta Matiyu 25 yana jin da wasu ake. Akwai nassi guda da kowa ke ja ya zo ɓangarensa, 1 Korantiyawa 3, inda Bulus ya ce wani na gini da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, wani da itace da ciyawa da tattaka, ranar za ta gwada aikin kowa da wuta, wanda nasa ya ƙone zai yi hasara amma shi kansa zai tsira, kamar wanda aka fizgo daga gobara. Ana iya tsira a kuma tashi a tutar babu kenan.

Sai tambayar da kowa ke yi a wurin jana'iza, wanda ya mutu yau yana ina kafin ranar? Yesu ya ce wa ɓarawon da aka gicciye tare da shi yau za ka kasance tare da ni a Firdausi, Ibraniyawa 9:27 ta ce sau ɗaya mutum ke mutuwa bayan haka sai shari'a, amma kuma ga babbar rana can gaba. Katolika sun ce shari'a biyu ce, ta mutum shi kaɗai da zarar ya mutu, sai ta kowa da kowa a bainar jama'a bayan tashin jiki, Fafaroma Benedik na 12 ya tabbatar a 1336 cewa rayukan tsarkaka suna ganin Allah tun kafin tashin matattu. Suna da koyarwar furgatori, wurin tsarkake wanda ya riga ya tsira amma da sauran datti, ba dama ta biyu ba ce ga wanda ya hallaka kamar yadda wasu ke zato. Furotesta sun ƙi furgatori sam. Otodoks na yi wa mamaci addu'a, musamman a kwana na 3 da na 9 da na 40, amma ba su tsara abin dalla-dalla irin na Katolika ba. 'Yan Adibentis da Shaidun Jehobah sun ce matattu ba su san komai ba har sai an tashe su. In ka ce to me amfanin shari'a ta biyu in an riga an yanke ta farko, tsohuwar amsar ita ce aikin mutum ba ya ƙarewa ran da ya mutu, ƙaryar da ya shuka da alherin da ya dasa suna ci gaba da haihuwa a bayansa, sai an naɗe tabarmar tarihi duka sannan lissafin zai cika, kuma wanda aka ci mutuncinsa a fili a fili za a wanke shi.

Yanzu Ru'ya ta Yohanna, littafin da aka fi tsoro aka fi kuma wasa da shi. An rubuta shi daga tsibirin Batmusa zuwa ga ikilisiyoyi bakwai da ke yankin Turkiyya ta yau, mafi yawan masana sun ce wajen shekarar 95 zamanin Kaisar Domitiyan. Waɗanda aka aika wa 'yan tsiraru ne marasa ƙarfi a ƙarƙashin daular Rum, ba su manta yadda Nero ya karkashe Kirista bayan gobarar Roma a 64 ba, a Birgamum ma an kashe musu wani mai suna Antifas, sunansa na cikin littafin. In ba ka riƙe wannan ba za ka ɗauka littafin na tsoratarwa ne kawai, alhali zuciyarsa na sura ta 6 inda rayukan waɗanda aka yanka ke ƙarƙashin bagade suna kuka, har yaushe ya Ubangiji ba za ka yi shari'a ka rama jininmu ba? Duk bala'o'in da suka biyo baya amsar wannan kukan ne. Ga wanda ke zaune lafiya ranar shari'a abin fargaba ce, ga wanda aka kashe wa ɗa kuma babu kotun da za ta saurare shi albishir ce. Kuma wannan ne dalilin da Bulus ya bayar na hana ramuwa a Romawa 12, kada ku rama, ramuwa ta Allah ce. Ba cewa aka yi abin da aka yi maka ba komai ba ne, cewa aka yi akwai mai karɓar ƙarar.

Dubi tsarin bala'o'in ma, hatimi bakwai, ƙaho bakwai, tasoshi bakwai. A hatimai kashi ɗaya cikin huɗu na duniya aka ba mutuwa iko a kai, a ƙahoni kashi ɗaya cikin uku ake bugewa, sai a tasoshi abin ya game, kuma marubucin na ta maimaita cewa duk da haka ba su tuba ba, irin taurin kan Fir'auna, don annobar ma irin ta Masar ce, ruwa ya zama jini, ƙanƙara, fara, duhu, kwaɗi. Gargaɗi ne mai hawa-hawa da ƙofa a buɗe. A sura ta 18 kuma da birnin da littafin ke kira Babila ya faɗi, wanda aka kwatanta da mace zaune a kan tuddai bakwai, kuma duk mai karatu na lokacin ya san Roma ce birnin tuddai bakwai, sai 'yan kasuwa suka hau kuka don ba mai sayen kayansu, aka jera kayan, zinariya, azurfa, lu'ulu'u, siliki, hauren giwa, kirfa, ruwan inabi, mai, alkama, shanu, tumaki, dawakai, karusai, a can ƙarshen jerin bayan dabbobi sai ga bayi, rayukan mutane. Hukunci a littafin nan bai tsaya kan ɗaiɗaikun mutane ba, har da daula da kasuwar da ta mai da mutum haja. Ita kuwa 666, masana da yawa sun nuna in aka rubuta Nero Kaisar da haruffan Ibrananci jimillarsu 666 ce, kuma wasu tsoffin kwafe-kwafe 616 suka rubuta, wanda ya yi daidai da sunan a lafazin Latin. Wasu na ganin abin ya wuce Nero, yana jiran wani na ƙarshe, amma dai ba yau aka fara liƙa wa mutane lambar ba.

Rigimar jadawali yawancinta daga Ru'ya 20 ta taso, wurin da aka ambaci shekara dubu sau shida. Malaman coci irin su Jastin da Ireniyus a ƙarni na 2 sun ɗauke ta a zahiri, Yesu zai dawo ya yi mulki shekara dubu a duniya sannan shari'a. Agustin wanda ya rasu a 430 ya ce shekara dubun kwatanci ne na zamanin ikilisiya da muke ciki, dawowa ɗaya ce shari'a ɗaya, kuma wannan ra'ayin ne ya mamaye Katolika da manyan masu gyara na ƙarni na 16. Koyarwar cewa za a fara fyauce masu bi a ɓoye kafin shekara bakwai na tsanani, wadda mutane da yawa ke zaton ita ce Kiristanci tun fil azal, wani malami Jon Nelson Dabi ne ya tsara ta a shekarun 1830, ta bazu a Amurka ta hanyar Baibul mai sharhin Sukofil na 1909, kafa ƙasar Isra'ila a 1948 ya ƙara mata kasuwa. Masu ita na kafa hujja da 1 Tasalonikawa 4, masu ja kuma na cewa wurin da aka yi maganar kira mai ƙarfi da muryar babban mala'ika da busar ƙaho ina ɓoyo a ciki.

Masu tsai da rana kam an sha su. Wiliyam Mila a Amurka ya ɗauki kwana 2300 na Daniyel 8 ya mai da su shekaru, mabiyansa suka tsaya a kan 22 ga Oktoba 1844, wasu sun bar amfanin gona a fili ba su girbe ba, gari ya waye ba abin da ya faru. Daga cikin waɗanda suka rage ne cocin Adibentis ta fito, da bayanin cewa ranar daidai ce amma a sama abin ya auku, wai a ranar aka fara binciken littattafai. Wani mai wa'azi a Amurka, Harol Kamfin, ya ce 21 ga Mayu 2011, ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba, daga baya ya fito ya nemi gafara. Duk wannan fa da Matiyu 24:36 a hannunsu, inda Yesu ya ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uba.

Ɗan'uwan wannan shi ne saurin cewa kowane bala'i hukunci ne a kan waɗanda ya faɗa wa. A 1 ga Nuwamba 1755 girgizar ƙasa ta rushe Lisbon, ruwan teku ya biyo, gobara ta ƙarasa, dubun-dubatar mutane suka mutu, masu wa'azi a Turai suka yi ta cewa fushin Allah ne a kan zunubin birnin, sai dai ranar idin Dukan Tsarkaka ce da safe, mutane da yawa a cikin coci rufin ya same su. Yesu ya riga ya amsa irin wannan a Luka 13, da aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kuna zaton sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne? A'a, in ba ku tuba ba ku ma haka za ku hallaka. Ya ƙi ɗora wa matattun laifi, ya mai da tambayar kan masu kawo labarin.

Saura maganar wuta, kuma nan ma ba baki ɗaya ba ne ko da yake ra'ayi guda ya fi rinjaye nesa ba kusa ba. Mafi yawan Kirista a tarihi, Katolika da Otodoks da Furotesta, sun riƙe azaba ta har abada, hujjarsu ƙarshen Matiyu 25 inda aka jera madawwamin hukunci da madawwamin rai a jimla ɗaya, da Ru'ya 14 da 20. Wasu sun ce ƙarshen mugu hallaka ce ɗungum, a hukunta shi sannan ya gushe, suna kawo Matiyu 10:28 mai cewa Allah na iya hallaka rai da jiki, da maganar mutuwa ta biyu, wannan ne ra'ayin Adibentis, kuma sanannen malamin Angilikan Jon Sitot ya nuna ya karkata can a 1988, abin ya tayar da ƙura ba kaɗan ba. 'Yan kaɗan kuma tun daga Orijen a ƙarni na 3 sun yi fatan wutar ta gyara ce, a ƙarshe kowa zai komo, amma an yi tir da koyarwar a ƙarni na 6 kuma har yau a gefe take. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ko masu ra'ayin farko sun yarda hukuncin ba kai ɗaya ba ne, Yesu ya ce bawan da ya san nufin maigidansa ya ƙi yi zai sha duka da yawa, wanda bai sani ba kaɗan, ya kuma ce wa Kafarnahum, garin da ya fi zama yana mu'ujizai, cewa a ranar za a fi rangwanta wa Saduma, garin mutanen Lutu, a kanta.

Wanda bai taɓa jin bishara ba fa? Da yawa cikin masu bishara sun tsaya a kan Yohanna 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12, babu ceto sai an ji an gaskata, shi ya sa ma suke fita wa'azi. Wasu na nuna Romawa 2 inda Bulus ya ce waɗanda ba su da Shari'ar Musa lamirinsu zai zama shaida a kansu ko a gare su ran da za a tone asirin zukata. Katolika a taron Batikan na biyu, a 1964, sun rubuta cewa wanda bai san Almasihu ba ba da laifinsa ba, yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa da taimakon alheri, zai iya samun ceto, amma ta wurin Almasihun dai ko bai san sunansa ba. Ita cocin Katolika ta ayyana dubban mutane da sunayensu a matsayin tsarkakan da ke sama, amma ba ta taɓa fitar da sunan mutum ko ɗaya a hukumance ta ce wane yana wuta ba.